In Baki Ya Ci, Ido Ya Ji Kunya

Da shugabannin wannan ƙungiya tamu suka yi shela cewa duk mai abin rubutawa ya kawo, sai na yi niyyar in yi ɗan nazari a kan karin magana, tun da yake shi muka fi sha a aji bana. Amma da na ɗauki alƙalami, sai karin magana guda ɗaya ya tsaya mini a maƙogwaro ya ƙi wucewa, shi ne wanda na sa a kan wannan rubutu. Dalili kuwa shi ne, ni kaina na taɓa ɗaukar abin da baki ya ci a ka, na kai shi har gida, na kuma ga yadda ido ya ji kunya a gaban alƙali. Saboda haka mai karatu ya yi mini haƙuri, labarin gidanmu zan fara ba shi, kana mu leƙa gidajen wasu.

Ni mutumin ƙasar Gumel ne. Ƙauyenmu yana tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, cikin jigawar nan mai rairayi inda gero da wake da riɗi da zoɓo suka fi karɓuwa. Tsakaninmu da Jamhuriyar Nijar babu kogi babu dutse, sai dai layin da Turawa suka ja a takarda. Ran Alhamis in kasuwar Maigatari ta cika, da ƙyar ka rarrabe mutumin Gumel da na Damagaram, sai ko in ka ga irin kuɗin da ya zaro daga aljihu. Su kansu sarakunanmu Mangawa, tarihi ya nuna sun zauna a Tumbi, wadda yanzu take cikin Nijar, kafin su mayar da gadon sarauta Gumel. Na kawo wannan ne don mai karatu ya san cewa kalmar baƙo a wajenmu ba ta da saiwa mai zurfi, amma duk da haka ranar rigima ita ake fara ɗaukowa.

A shekarar farin nan ta 1984, wani mutum ya taso daga arewa da matarsa da 'ya'ya uku da jaki ɗaya, ya sauka a ƙofar gidan kakana. Kakana ya ba shi masauki, da damina ta kewayo kuma ya yanka masa wata gona a gabas da gari, mai gawo biyu a tsakiya. Ba a yi takarda ba, don a lokacin ba wanda ya ga dalilin yin ta. Mutumin ya kewaye gonar da aguwa, ya yi ta kai mata taki a mangala har ta yi kyau. Da ya rasu ɗansa ya ci gaba da noma ta. Kakana shi ma ya rasu. Ɗan nan a garinmu ya girma, a nan ya yi aure ya hayayyafa, amma har gobe in za a kwatanta shi sai a ce Baƙo. Ni ma haka zan kira shi a nan.

Ina aji shida na firamare sai kuɗin riɗi ya tashi, gona ta yi daraja. Baffana, wato yayan mahaifina, wanda shi ne babba a gidanmu, ya ce gonar nan aro ce, lokacin mayarwa kuwa ya yi. Baƙo ya ce shi dai daga bakin mahaifinsa ya ji cewa kyauta ce. Mai unguwa ya yi sulhu ya gaza, dagaci ya yi ya gaza, magana ta kai gaban alƙali.

To, wannan bambanci na aro da kyauta shi ne ɗungurungum ɗin shari'ar. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu ke bi, in mutum ya riƙe gona shekara goma yana nomawa a kan idon mai ita, babu dangantaka a tsakaninsu, mai ita kuwa bai ce uffan ba alhali ba abin da ya hana shi, to ba a sauraron da'awarsa bayan nan. Wannan shi ake kira hauzi. Amma in aka tabbatar aro ne ko jingina, hauzi ba ya aiki ko an shekara nawa. Baƙo da mahaifinsa sun kai shekara talatin a gonar. Ke nan Baffa ba shi da mafita sai ya kawo shaidun da za su ce a gabansu aka ba da aro.

Ana gobe za a shiga kotu, bayan sallar isha'i, Baffa ya kira ni zaure. Na tarar da 'yan buhuna uku, kowanne da tiya biyar ta gero, da ƙullin goro a kai. Ya ce, “Kai, zo nan. Ka kai wannan gidan wane, da wane, da wane. Ka ce ina gaishe su.” Na ce to, Baffa. Na yi sawu uku cikin duhu. Kowane gida na je na durƙusa na isar da saƙo, kowane dattijo ya sa mini albarka ya ce in ce ya gode. Wallahi ba wanda ya ambaci gona, ba wanda ya ambaci alƙali. Ni kuma ban ga wani abu ba, domin ba ran nan aka fara aike na da gaisuwa gidajen nan ba.

Kashegari na bi su kotu, na laɓe a bakin taga tare da sauran yara. Dattawan nan uku suka shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce aro ne. Na lura na biyu bai ɗaga kai ya dubi Baƙo ba har ya fita, sai wasa yake yi da carbinsa. Alƙali ya tambayi Baƙo, “Ka san waɗannan mutane?” Ya ce, “Allah ya gafarta Malam, na san su, iyayena ne.” Mene ne kuwa zai ce? Ɗaya daga cikinsu shi ya yi masa walicci ranar aurensa. Alƙali ya rubuta cewa wanda ake ƙara bai soki shaidu ba, ya ba mu gona. Ran nan a gidanmu har kaji aka yanka.

Ashe ba a gama ba. Wani ɗan 'yar'uwar matar Baƙo da ke karatun shari'a ya zo hutu, ya ji labari, ya ce a ɗaukaka ƙara. Baƙo ya kai awakinsa biyu kasuwar Maigatari ya sayar, ya biya kuɗin kwafin shari'a da kuɗin mota. Alƙalin kotu ta gaba ya karanta abin da aka rubuta, ya yi 'yan tambayoyi, sai abubuwa uku suka fito fili, waɗanda kowa a garinmu ya sani, amma ba wanda ya faɗa. Shaida na farko surukin Baffa ne, uban uwargidansa. Na biyu Baffa yana bin sa bashin kuɗin taki na shekara biyu, ba shi kuwa da halin biya. Na uku an yi masa alkawarin in an karɓo gonar za a yanka masa gefe ya noma.

Duk ukun nan littattafan fiƙihu da alƙalanmu ke aiki da su, irin su Muhtasar na Shehu Halilu da Tuhfa ta Ibn Asim, sun yi magana a kan irinsu. Ba a karɓar shaidar mutum in za ta amfani wanda kusancinsu ya yi ƙarfi, kamar uba da ɗa, ko miji da mata, mijin 'yar mutum ma yana ciki. Ba a karɓar ta matalaucin da ake bi bashi in zai yi wa mai bin sa. Ba a karɓar ta wanda zai jawo wa kansa amfani da ita, haka kuma ta maƙiyi a kan maƙiyinsa. Bugu da ƙari, wajibi ne kafin alƙali ya yanke hukunci ya yi abin da ake kira i'izari, wato ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja, ko yana da suka a kan shaidu, ya kuma ba shi lokaci ya kawo. Alƙalin sama ya ce tambayar mutum ko ya san shaidu ba ita ce i'izari ba. Ya rushe hukunci, ya ce a sake shari'a daga farko a gaban wani alƙali dabam.

Abin da ya ɗaure mini kai a lokacin shi ne, bai ce gona ta Baƙo ce ba, bai kuma ce dattawanmu sun yi ƙarya ba. Abin da ya ce kawai shi ne ba a gina hukunci a kan bakin da ke da dalilin karkata. Na ji haushinsa ƙwarai. Na ce a raina, wannan mutum bai taɓa taka garinmu ba, bai san gawon nan biyu ba, ya zauna a kan kujera ya ci mutuncin tsofaffi uku da alƙalami. Sai da na girma na gane rashin sanin namu da ya yi shi ne amfaninsa. Bai ci geronmu ba, bai je ɗaurin auren Baƙo ba.

Ba a kai ga sake shari'ar ba. Kakata, mahaifiyar su Baffa, tana nan da rai a lokacin. Baffa ɗan farinta ne, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ban kuma taɓa ganin sun zauna sun yi doguwar hira ba. Duk watannin da aka yi ana rigimar nan ba ta ce komai ba. Wani dare ina kwance a ɗakinta, tana tsammanin na yi barci, ta aika aka kira shi. Ya tsuguna a bakin ƙofa. Ta juya masa baya tana gyara fitila, ta ce, “Kai wannan. Ran da Malam ya ba mutumin nan gona ina tsakar gida ina jiƙa musu gari. Cewa ya yi ya ba shi don Allah, shi da 'ya'yansa. Na yi shiru ne don kada a ce na tona ɗana a bainar jama'a. Amma na ga ƙasa ta kusa rufe mini ido, ba ni zuwa wurin Malam da wannan a bakina.” Baffa ya daɗe bai yi motsi ba, can ya ce, “To, Iya.” Bayan kwana biyu ya je ya janye ƙara. A shekarar nan ba wanda ya noma gonar, damina guda ta tafi a banza, awaki biyu sun tafi, dattawan nan uku kuwa sun daɗe ba su bi ta ƙofar gidan Baƙo ba.

Da na zo jami'a, wata rana ina sauraron rediyo na ji ana maganar masu taya alƙali yanke hukunci a Amurka, sai na shiga bin diddigin abin. A can da Ingila, in laifi babba ne, galibi ba alƙali ne ke cewa mutum ya aikata ko bai aikata ba. Akan zaɓo mutane, yawanci goma sha biyu, daga cikin jama'ar gari, da direba da malamar makaranta da mai kanti, su saurari shaidu, sa'an nan su shiga ɗaki su kaɗai su yanke. Alƙali shi ke bayyana musu doka. A Nijeriya an taɓa yin haka a Ikko zamanin Turawa, daga baya aka bari, yanzu alƙali ne ke riƙe da duka. Mu a Arewa abin da ya ɗan yi kama da shi shi ne muhutai da ke zama tare da alƙali, ko da yake su malamai ne, ba gama-garin mutane ba.

Hikimar tsarin ita ce kada ran mutum ya rataya a hannun mutum guda. Amma mutum goma sha biyu ma kowa da zuciyarsa ya zo. Don haka a Amurka kafin a zaunar da su lauyoyi sukan yi musu tambayoyi, wanda aka ga yana da dangantaka da shari'ar ko ya riga ya yanke hukunci a ransa a sallame shi. Wannan dai kamar sukar shaidu ce a wajenmu. Ban da haka, kowane ɓangare yana da wani adadi da zai iya kora ba tare da ya faɗi dalili ba, ta wannan ƙofa kuwa ɓarna ta daɗe tana shiga. A jihar Kentaki an gurfanar da wani baƙar fata mai suna James Batson bisa zargin fasa gida, lauyan gwamnati ya kori baƙaƙen fata huɗun da ke cikin waɗanda aka kira, farare zalla suka same shi da laifi. A 1986 Kotun Ƙolin Amurka ta ce haramun ne a kori mutum daga wannan aiki saboda launin fatarsa, in kuma an yi zargin haka sai lauya ya kawo wani dalili karɓaɓɓe.

Doka ta fito, amma hali zanen dutse ne. A garin Winona na jihar Misisifi an kashe mutum huɗu a wani kantin sayar da kujeru da gadaje a 1996, aka kama wani baƙar fata, Curtis Flowers. Sau shida ana yi masa shari'a a kan laifi ɗaya, lauyan gwamnati ɗaya ne kuma duk sau shidan. In aka haɗa duka, cikin baƙaƙen fata 42 da ya sami damar kora ya kori 41. A 2019 Kotun Ƙoli, alƙalai bakwai cikin tara, ta rushe hukuncin kisan da aka yanke masa a karo na shida, a 2020 kuma aka janye tuhuma gaba ɗaya. Kafin nan ya haura shekara ashirin a tsare. Baƙonmu awaki biyu da damina ɗaya ya rasa, wannan kuwa ƙuruciyarsa ce ta tafi. Har ila yau a 2017, a shari'ar Peña-Rodriguez ta jihar Kolorado, wasu biyu daga cikin masu taya alƙali sun fito bayan hukunci sun ce abokin zamansu ya faɗa a ɗaki cewa shi ya san halin mazan Meziko, don haka mutumin ya aikata. Al'adarsu ita ce abin da aka faɗa a ɗakin nan ba a tone shi, amma Kotun Ƙoli ta ce in maganar wariyar launin fata ce ƙarara, sai an tone.

Kada mai karatu ya ce na tafi da shi nesa, ga wanda ya shafe mu mu ɗalibai. A farkon 1983 an yi tarzoma a Jami'ar Maiduguri, aka yi ƙone-ƙone da ɓarnar dukiya. Aka kafa kwamitin bincike, aka kori ɗalibai da dama. Wasu daga cikinsu suka kai ƙara, shari'ar da aka sani da sunan Garba da Jami'ar Maiduguri. Babbar Kotu ta ba ɗalibai gaskiya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta juya hukunci, sai Kotun Ƙoli a 1986, shekara ɗaya ke nan da ta Batson, ta mayar wa ɗalibai da nasararsu. Ɗaya daga cikin dalilanta shi ne shugaban kwamitin, wato Mataimakin Shugaban Jami'a, yana cikin waɗanda tarzomar ta yi wa ɓarna. Kotu ba ta ce ya yi zalunci ba. Cewa ta yi wanda aka cuta ba ya zama alƙali a kan wanda ake zargi da cutar tasa. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1979 ta dogara da shi, abin da yake sashe na 36 a na 1999, wanda ya ce duk mai shari'a yana da haƙƙin a saurare shi a gaban kotun da aka kafa ta yadda za ta zama mai cin gashin kanta, ba ta karkata.

In aka dubi waɗannan shari'o'i za a ga ma'auni ɗaya kotunan sama suke riƙewa. Ba sa cewa sai an tsaga ƙirjin mutum an ga son zuciya a ciki, don wannan sai Allah. Tambayarsu ita ce, mai hankali da ke tsaye a gefe, wanda ya san yadda abubuwa suke, zai yi zaton akwai karkata ko kuwa? In zai yi, an rushe hukunci, ko da a ƙarshe hukuncin daidai ne. Galibi kuma ba sa ba kowa gaskiya, sai su ce a koma a sake, domin alƙalin sama takarda yake gani, bai ga fuskar shaida ba, bai ga mai wasa da carbi ba.

Mu ma a Arewa wannan ciwo ya daɗe ana neman maganinsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a littafinsa Kitabul Farƙi ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu iko cikin abubuwan da ya soki sarakunan Hausa da su. A zamanin En'e kuma kotunan alƙalai suna ƙarƙashin sarakuna ne, 'yan adawa irin su 'yan NEPU suka yi ta kukan cewa wanda suke jayayya da shi a siyasa shi ne ubangidan alƙalin da za a kai su gabansa. An kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Musulmi a 1956, aka maye gurbinta da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a 1960, wadda Shehu Abubakar Gumi ya shugabanta daga 1962 zuwa 1967. Daga nan dokar 1967 ta soke kotunan sarakuna, ta raba alƙalai da En'e ta mayar da su ƙarƙashin gwamnatin jiha. Duk wannan ƙoƙari ne na nesanta mai hukunci da hannun da ke ba shi tuwo. Sai dai tsanin ɗaukaka ƙara, daga ƙauye zuwa Dutse, daga Dutse har Abuja, kowane mataki da kuɗinsa. Manoma nawa ne a Gagarawa ko Sule Tankarkar ke da ɗan'uwa mai karatun shari'a, da awakin sayarwa? Da yaron nan bai zo hutu ba, da yanzu riɗin gidanmu ne a gonar, ni kuwa da ina nan ina ba ku labarin yadda gaskiya ta yi halinta.

To, ga inda abin ya fi damuna a matsayina na ɗalibin Hausa. A aji ɗaya an koya mana laccar nan ta Kirk-Greene da aka buga a 1974, Mutumin Kirki, inda ya jera halayen da Bahaushe ke yabo, har da gaskiya da amana da karamci da kunya da ladabi da adalci. Mun haddace su mun zuba a jarrabawa kamar dai 'yan gida ɗaya ne masu zaman lafiya. Abin da na gani ta tagar kotu ya nuna mini wata rana sukan yi faɗa. Dattawan nan uku ba mutanen banza ba ne, ba a san su da ƙarya ba, tiya biyar ta gero kuwa ba ta isa ta sayi ko ɗaya daga cikinsu ba. Kara ce ta kai su. Yaya suruki zai kunyata mijin 'yarsa? Yaya wanda aka rufa wa asiri da taki zai juya wa mai rufa masa baya? Baƙo ma ladabi ne ya rufe masa baki, ya ce iyayensa ne. Kakata kunyar ɗan fari ce ta sa ta yi shiru wata da watanni. Baffa kansa yana saurayi aka yi abin, na kuma tabbata ya maimaita wa kansa kalmar aro har ya yarda da ita. Kowa a cikinsu halin kirki ya riƙe, amma da aka tara halayen nan wuri ɗaya sai suka ƙwace wa maraya gona. Mai cin hanci ya san ya ci, yana iya tuba. Mai kara kuwa gani yake mutunci ya yi. A ganina shi ya sa malaman fiƙihu ba su tsaya tambayar ko suruki mai gaskiya ne ba, suka ɗauke masa nauyin tun daga farko. Rahama ce suka yi masa, don kada a sa shi zaɓi tsakanin 'yarsa da lahirarsa.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Bari in sauko daga kan nawa. Bara da aka yi gasar rubutacciyar waƙa, ina cikin ɗalibai uku da aka sa alƙalanci. Cikin masu gasar akwai abokin zamana a ɗaki, ɗan ƙasarmu, wanda muke jiƙa garin kwaki a kwano ɗaya, wanda ya ranta mini kuɗin rajista lokacin da na gida suka makara. Ban gaya wa kowa ba, ba a kuma tambaye ni ba. Na ce wa kaina ai ni mai adalci ne, waƙa zan duba ba mai ita ba. Na ba shi maki takwas, na ba wata ɗaliba bakwai, da aka tara kuwa maki ɗaya ne ya raba su, ya zo na ɗaya. Tun daga ran nan na karanta waƙoƙin nan biyu ya fi sau goma. Wata rana in ga tasa ta fi, wata rana in ga tata. Na cuce ta in tata ta fi, na kuma cuce shi in tasa ta fi, domin na sa wa nasararsa tabon da ba shi ya jawo ba. Ni da na ga abin da na gani ta taga, ga shi na koma na zauna a tabarmar surukin Baffa. Ina neman gafararsu su biyun a gaban jama'a.

Saboda haka ina roƙon shugabanninmu abu biyu, ba su kuwa da tsada. Na farko, a riƙa cire sunaye daga kan abin da aka kawo gasa, a sa lamba. Na biyu, duk wanda aka sa alƙalanci a tambaye shi a fili ko yana da ɗan ɗaki, ko ɗan gari, ko mai bin sa bashi a cikin masu gasa, in akwai ya koma gefe, kada kuma a ɗauki wannan a matsayin zargi. Mu da ke nan yau, gobe wasunmu ne za su zauna a kwamitin ɗaukar ma'aikata, da na rabon taki, da na ladabtar da ɗalibai, wasu ma a kan kujerar alƙali. Wanda bai iya cewa a cire ni ba a kan kyautar ƙamus da biro, ina zai iya ranar da gona ce a gabansa, ko ran mutum?

Da na je hutun da ya wuce na bi ta gabas da gari. Aguwar tana nan, gawon nan biyu suna nan, Baƙo da 'ya'yansa suna yankan riɗi. Na yi masa sannu da aiki, ya amsa da fara'a, ya tambaye ni karatu, har ya ɗebo mini gyaɗa a hula. Bai san ni na ɗauki geron ba, ni kuwa har na baro wurin ban iya haɗa ido da shi ba. Kakata ta rasu shekara uku ke nan, Allah ya jiƙanta, ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya. Mu kuma Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko a kan namu ne, amin. Nan zan dasa aya, sai wani jiƙon in Allah ya kai mu.